Yadda Muka Shigar da Ƙungiyarmu Faretin 'Yan Ailan a Garinmu

Tun bayan da hotunanmu suka zagaya a WhatsApp a watan Maris na 2025, 'yan uwa daga ƙungiyoyin Hausawa na Bronx da Philadelphia da Columbus suke ta kirana suna tambayar yadda aka yi muka samu shiga faretin ranar Waliyyi Patrick, muna tafe da tutocinmu da kalangu a tsakiyar 'yan Ailan. Ni ne sakataren ƙungiyarmu, ƙungiya ce ƙarama ta masu jin Hausa daga Najeriya da Nijar da zangunan Ghana, a wani gari da ke arewacin jihar New Jersey. Da yake duk takardun ta hannuna suka bi, na ga ya fi in rubuta komai wuri guda. Kowane gari da nasa ƙa'idojin da kuɗaɗensa, amma matakan kusan iri ɗaya ne.

Ga wanda bai san abin ba: Amurkawa fiye da miliyan 30 ne ke danganta asalinsu da ƙasar Ailan, kuma da yawansu kakanninsu sun ƙetaro ne a lokacin babbar yunwar da aka yi daga 1845 zuwa 1852, wadda ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya ta kori wasu kamar haka. Ranar 17 ga Maris ce ranar waliyyinsu Patrick. Faretin birnin New York, wanda ake yi a kan titin Fifth Avenue, ya samo asali tun 1762, kafin Amurka ta samu 'yancin kai. A Chicago kuwa tun 1962 ake rina kogin garin ya koma kore. Tun 1991 shugabannin Amurka ke ayyana Maris a matsayin watan tunawa da Amurkawa 'yan asalin Ailan. Bukukuwan waɗannan manyan biranen su ake nunawa a talabijin. Ƙananan garuruwa irin namu suna yin nasu a ranakun Asabar da Lahadi na watan, kuma a can ne baƙo irinmu zai iya samun wuri.

Maganar ta taso ne a taronmu na watan Satumban 2024. Hajiya ma'ajinmu ce ta kawo ta. Ita ta yi karatu a makarantar St. Louis ta Kano, wadda sistoci daga Ailan suka fara aikinta tun zuwansu Kano a 1948, kuma ta ce shekara da shekaru tana tsayawa a bakin titi tana kallon faretin garinmu, tana ganin 'yan Poland da 'yan Peru da 'yan Filifin suna wucewa da tutocinsu, ba ta taɓa ganin baƙar fata daga Afirka ba. An yi ta ja-in-ja. Wani dattijonmu ya ce, "Hajiya, wannan fa bikin coci ne, kuma kowa ya san abin da ake sha ranar." Ba a yi masa gardama ba, domin maganarsa akwai gaskiya a ciki. Aka ce a tuntuɓi Malam limaminmu. Malam ya ce a rabe abu biyu: addu'ar da suke yi a coci da safe tasu ce, ba mai tilasta mana shiga, tafiya a kan titi tare da maƙwabta kuwa zumunci ne, matuƙar ba za a sa mu cikin abin da addini ya hana ba. Kiristocin da ke cikinmu suka tuna mana cewa tun 1961 cocin Katolika ta ɗauki Waliyyi Patrick a matsayin waliyyin Najeriya, saboda yawan limaman Ailan da suka yi aiki a ƙasar, har Kaduna da Jos. Da haka aka amince, aka ɗora mini neman hanya.

Na fara da ofishin akawun gari, a zatona hukumar gari ce ke shirya faretin. Na yanki tikitin layi na zauna har aka kira ni. Matar da ke tagar ta saurare ni da kyau, sannan ta ce su aikinsu kawai ba da izinin rufe titi da tsara 'yan sanda da masu shara. Faretin na wani kwamiti ne mai zaman kansa, na 'yan sa-kai. Ta rubuta mini ranar da suke zama a bayan wata takarda. Wanda zai bi wannan hanya ya huta da zuwa ofishin gari, ya nemi kwamitin kai tsaye. A garuruwa da yawa za a same su ta hannun reshen ƙungiyar Ancient Order of Hibernians, tsohuwar ƙungiyar 'yan Ailan Katolika da aka kafa a Amurka a 1836, ko ta cocin unguwa.

Kwamitin garinmu na zama sau ɗaya a wata da daddare, a wani zaure mai tsofaffin hotuna a bango da tutocin gundumomin Ailan 32. Muka je ni da Hajiya a zaman Oktoba. Gabana ya ɗan faɗi da muka shiga, domin duk idanu sun juyo kanmu, kuma mafi yawan mazauna wurin sun haura shekara sittin. Sai da suka gama karanta bayanin zaman da ya gabata da rahoton kuɗi, har da gardama kan kuɗin hayar banɗakunan tafi-da-gidanka, sannan aka ba baƙi dama. Hajiya ta tashi ta faɗi ko mu su wane ne, ta ambaci makarantarta ta Kano. Nan take fuskar sakatariyar kwamitin ta canja. Tsohuwa ce mai farin gashi, ta ce gwaggonta sista ce, ta yi shekaru tana aikin asibiti a Najeriya, kuma a gidansu an tashe su da jefa kwabo a akwatin taimakon mishan. Daga ranar Mama muke kiranta, ita ma ta karɓi sunan.

Amma tambayar da shugaban kwamitin ya yi mana ita ce ta tsaya mini a rai. Bai tambayi yawanmu ba, bai tambayi addininmu ba. Cewa ya yi, "Me ƙungiyarku take yi wa garin nan?" Na ce muna haɗa kuɗi mu yi jana'izar 'yan uwa, muna karɓar sababbin zuwa, muna koya wa yara Hausa ranar Asabar. Ya ce duk wannan abin yabo ne, kakanninsa ma da haka suka fara, amma abin da yake tambaya shi ne abin da muke yi wa wanda ba namu ba. Ya bayyana cewa a fom ɗin neman shiga akwai gurbin da ake rubuta hidimar da ƙungiya ta yi wa gari a shekarar, kuma wurin ba shi da yawa, saboda 'yan sanda sun ƙayyade awannin rufe titi. Idan masu nema suka yi yawa, wannan gurbi ake dubawa. Mama ta miƙo mana ambulan mai ɗauke da fom da ƙa'idoji, ta ce a dawo da shi kafin tsakiyar Janairu, sannan ta ƙara da cewa wurin rabon abinci da suke kula da shi a ƙarƙashin cocin unguwa yana neman hannu kowace Asabar.

A can ne muka yi kakarmu da hunturunmu. Muka tsara jadawali, mutum huɗu kowace Asabar da safe. Kafin a fara, kowa sai ya cike takardar ɗan sa-kai, wanda zai yi aiki kusa da yara kuma sai an binciki tarihinsa, kyauta ne amma yana ɗaukar lokaci. Aikin ba wuya: sauke kwalaye daga mota, duba ranar lalacewa a jikin gwangwani, cika jakunkuna da shinkafa da taliya da madarar gari. Abin da na lura da shi a layin masu karɓa shi ne akwai matanmu 'yan Afirka ta Yamma da ke karɓar jakar su tafi, alhali rabin abin da ke ciki ba za su ci ba, saboda gwangwanayen miya da wake da aka haɗa da naman alade. Kunya ta hana su magana. Hajiya ta nuna wa Mama yadda ake karanta jikin gwangwanin, aka ware tebur guda na kayan da babu alade. A makon bikin godiya na ƙarshen Nuwamba muka kai buhunan shinkafa da man gyada daga aljihun ƙungiya, a Disamba kuma muka tara rigunan sanyi. Wani tsohon ɗan kwana-kwana da muke aiki tare da shi yakan zo tun kafin gari ya waye ya buɗe ƙofa ya kunna na'urar ɗumama ɗaki, hannayensa duk sun kumbura da sanyin ƙashi, amma ba ya yarda wani ya ɗauki kwalin da ya riga ya sa hannu a kai.

Ana cikin haka nake bin takardu. Abu na farko shi ne shaidar cewa ƙungiya ce ba ta neman riba ba. Muna da rajista da jiha, muna kuma da lambar haraji ta ƙungiya, wato EIN, wadda hukumar haraji ta IRS ke bayarwa kyauta ta intanet. Abin da ba mu da shi shi ne wasiƙar IRS da ke tabbatar da matsayin 501(c)(3), wato na ƙungiyar taimako da aka yafe wa haraji. Kwamitin na yafe kuɗin shiga ga ƙungiyar da ke da wannan wasiƙa. Ƙungiya ƙarama wadda kuɗin da ke shigo mata a shekara bai wuce dala 50,000 ba tana iya cike gajeren fom mai suna 1023-EZ, kuɗinsa dala 275, maimakon dogon fom ɗin da ake biyan dala 600. Muka cike a Nuwamba. Wasiƙar ba ta iso ba sai bayan an rufe karɓar takardun fareti, don haka muka biya dala 150 na shiga. Ba mu yi asara ba, domin wasiƙar za ta yi mana amfani a wasu wurare, amma mai son a yafe masa ya nema tun da bazara.

Inshora ce ta fi ba ni wahala. Ƙa'idar ta ce kowace ƙungiya ta kawo takardar shaidar inshora ta dala miliyan ɗaya, wadda za ta biya diyya idan wani ya ji rauni ta dalilinmu. Da na karanta adadin a taro sai da ɗakin ya yi tsit, Alhaji shugabanmu ya ce, "Malam sakatare, miliyan ɗaya fa ka ce?" Na bayyana cewa wannan shi ne iyakar abin da kamfanin zai biya, mu kuwa kuɗin rana ɗaya kawai za mu saya. Na je wurin wani dillalin inshora a unguwarmu, ya yi mana na dala 190. Na kai wa Mama takardar ina murna, ta sa tabarau ta duba, ta mayar mini. Ƙa'idar ta buƙaci a rubuta sunan kwamitin da sunan hukumar gari, duka biyu, a matsayin waɗanda inshorar ta ƙara rufewa, kuma da cikakken sunan da ke kan takardunsu na hukuma. Dillalin ya sa na kwamiti, ya gajarta shi, ya bar na gari. Na koma, ya ce sai kamfanin ya sake fitarwa, ga hutun Kirsimeti ya shigo. Na yi ta kira ba a ɗauka. Ranar rufewa na matsowa, barci ya fara gagarata, domin na riga na sa yara sun fara atisaye. Gyararriyar takardar ta iso ana saura kaɗan a rufe. Shawarata a nan ita ce ka karɓi ainihin kalmomin da kwamitin ke so a rubuce, ka miƙa wa dillali, ka duba da idonka kafin ka bar ofishinsa.

Sauran takardun ba su da wuya, yawa ne da su. Duk yaron da bai kai shekara 18 ba sai uba ko uwa sun sa hannu a takardar amincewa, kuma tara sa hannun iyayen da ke aikin dare da tuƙin tasi ba ƙaramin aiki ba ne. Bayan sallar Juma'a na riƙa tare su a ƙofar masallaci da biro. Ƙyallen sunan ƙungiya da za a riƙe a gaba sai an tura hotonsa an amince tukuna, ba a yarda da rubutun siyasa ko talla ba, ya ci mana dala 160. An hana jefa wa 'yan kallo alewa, an hana shan giya a cikin sahu, wanda ya faranta ran dattijonmu da ya fara ƙin abin. Da yake za mu zo da kalangu da ganga, sai aka lissafa mu cikin masu kiɗa, domin a nisanta mu da masu busa algaitar jaka, wato algaitarsu ta gargajiya mai jakar iska, kada sautin ya haɗe. A ƙarshen Janairu wasiƙar amincewa ta zo.

A watan Fabrairu aka yi liyafar ɗaura wa babban jagoran fareti ɗamara. Ba dole ba ne zuwa, amma da ita ake tara kuɗin fareti, kuma zuwanmu ya yi mana rana. Tikiti dala 75, muka sayi huɗu, muka kuma sa gaisuwar rabin shafi a littafin liyafar a kan dala 100. Mun faɗa tun da wuri cewa ba ma cin alade, aka kawo mana kifi da dankali da kabeji. Akwai mashaya a gefen zauren, muka zauna nesa da ita, ba wanda ya matsa mana. Wadda aka zaɓa jagora a shekarar tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ba mai kuɗi ba ce, ba ta riƙe da kujerar siyasa. Aka karanta abin da ta yi: shekarun da ta kwashe tana kai wa tsofaffi abinci gida, tara jini a asibiti, koya wa 'yan mata rawar gargajiya ba tare da karɓar ko sisi ba. Sannan jagoran bara ya rataya mata ɗamara mai launin kore da fari da ruwan lemo, jikokinta na tsaye a gefe, ita kuwa hawaye ya hana ta karanta takardar da ta rubuto. Cikin mataimakanta akwai tsohon ɗan kwana-kwanan nan mai buɗe mana ƙofa. Na zauna ina tunanin taronmu na karramawa, inda lambar yabo ke zuwa wurin wanda ya fi ba da kuɗi a ranar, su kuwa matan da suka kwana suna girki ba a ko ambaci sunansu. Wannan abu ya dame ni, kuma na faɗe shi a taronmu na gaba.

A jawabinta ta tuna yadda aka ƙi kakanninsu a ƙasar nan, yadda aka ƙona cocin Katolika a Philadelphia a tarzomar 1844, da yadda sai a 1960 aka zaɓi Katolika na farko, John F. Kennedy, shugaban ƙasa. Ta kuma ambaci waɗanda suka taimake su a lokacin yunwa, cikinsu har da al'ummar Choctaw, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na Amurka, da suka tara musu kuɗi a 1847 duk da nasu halin ƙuncin, da Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya Abdulmajid da ya aika fam dubu a wannan shekarar. Da ta zo nan ta dubi teburinmu ta ɗaga mana hannu.

Mako guda kafin fareti aka kira taron dole na wakilan ƙungiyoyi, wanda bai zo ba an cire shi. Wani jami'in 'yan sanda ya nuna taswira: inda motoci za su sauke mutane, inda motar asibiti za ta tsaya, tazarar da za a bari tsakanin sahu da sahu. Aka raba jerin gwano, kowa da lambarsa da lungun da zai jira, kamar dai hawan Sallah inda kowane hakimi ya san bayan wanda zai bi. Mu muna can kusa da ƙarshe, kamar yadda ake yi wa sababbi. Aka tuna mana cewa tutar Amurka ce ke gaba ko a hannun dama, sauran tutoci su biyo. Na sanar da su cewa faretin ya faɗo a tsakiyar azumin Ramadan, wanda ya fara a farkon Maris a shekarar, kuma yawancinmu ba za su sha ruwa ba. Jami'in ya rubuta, ya ce zai gaya wa masu motar asibiti su sa ido a kanmu.

Ranar Lahadi muka hallara tun da hantsi, duk da cewa sai bayan azahar za a tashi. Jiran nan shi ne abin da ba wanda ya gaya mini. Mun daɗe a tsaye a lungu, iska mai sanyi na ratsa babbar riga, yara sun fara ƙorafi. Wanda ya sa rigar sanyi a ƙarƙashin kaftani shi ya ji daɗi. Muka yi sallar azahar a filin ajiye motoci a kan kwalaye, 'yan makarantar rawa da ke kusa da mu suka ja baya suka ba mu wuri. Da aka kira lambarmu, mai kalangu ya saki kiɗa, gajiyar ta tafi. Tutar Nijar ce ta fi jan hankali, saboda launukanta, ruwan lemo da fari da kore, su ne na tutar Ailan. Mutane na ta nunawa suna tambayar ta wace ƙasa ce, wani yaronmu ɗan asalin Maraɗi yana ba su amsa da ƙarfi. A gaban rumfar manyan baƙi mai sanarwa ya karanta sunan ƙungiyarmu, ya karanta abin da muka rubuta a gurbin hidima, har da teburin kayan da babu alade. Jagorar ta miƙe tsaye. Hajiya na tafe a gabana riƙe da gefen ƙyallen, ba ta ce komai ba har muka kai ƙarshen titi.

Da magariba muka gayyaci 'yan kwamitin buɗa-baki a zauren da muke haya. Mama ta zo da burodinsu na gargajiya, ta sha kunun gyada ta nemi ƙari.

Duka-duka abin da ya fita daga asusunmu dala 1,175 ne, ban da abincin buɗa-baki da kayan da muka kai wurin rabo. Wanda zai yi wannan a garinsa ya je zaman kwamiti tun Satumba ko Oktoba, ya je da ƙafarsa, ya tafi da dattijo ko dattijuwar da ta iya magana, domin wasiƙar imel ba ta buɗe irin wannan ƙofa. Ya fara hidimar kafin ya cike fom, kuma ya zaɓi wadda mutanensa za su iya ci gaba da ita bayan Maris, don ana lura da waɗanda ke ɓacewa da zarar an yi hoto. Ya faɗi iyakokinsa na abinci da ibada tun farko, a fili, ba tare da kame-kame ba. A sa mutum ɗaya ya riƙe takardu duka a fayil guda, kowace da kwafinta, saboda badi ma za a sake neman su, ita kuma inshora sabuwa ake saya kowace shekara. A zaman Afrilu kwamitin ya nemi mu ba da mutum biyu da za su shiga masu tsara jerin gwano, muka ba da Hajiya da wani matashinmu ɗan Kumasi. Jadawalinmu na Asabar a wurin rabon abinci yana nan, yanzu mutum shida ne ke zuwa.